Zana a Bakin Rumbu

Ku gyara zama, yau na zo muku da wata tatsuniya wadda ni kaina har yanzu ban raba gardamarta ba.

A wani gari akwai babban rumbu na jama'a. Duk wanda irin shukarsa ya ƙare, sai ya je gaban ma'aji ya ranci gero, in kaka ta yi ya mayar. Wata shekara gara ta cinye irin wani manomi mai suna Nomau, wanda kakansa ya zo garin daga yamma. Sau uku yana zuwa, ma'aji na ce masa, "Malam, dawo jibi." Ga hadari ya fara haɗuwa. In bai yi shuka ba, sai dai ya kwashi iyalinsa ya bar garin.

Kande mai fura a gindin rumbun nan take zama. Shekara bakwai tana kallon masu zuwa rance, har ta gane abin da ba wanda ya lura da shi: ma'aji ba ya tambayar gona, kumatu yake duba. Duk mai tsaga irin ta mutanen yamma, jibi ce rabonsa. Ita ta ja Nomau gefe ta ce, "Ɗan'uwa, daina wahalar da ƙafarka. Fuskarka ake hana wa, ba kai ba."

Jatau, wani tsohon maƙeri, da ya ji wannan magana, shi ya kai ta gaban dagaci. Kwana huɗu yana jayayya da dattawa, har abokan hirarsa suka daina amsa masa sallama. A ƙarshe aka kafa doka: a rataya zana tsakanin ma'aji da mai rance, tambaya kuma biyu ce kawai, "Kana da gona?" da "Ka taɓa ƙin biya?" Wanda aka hana, a faɗi dalili a bainar jama'a.

To, ranar da aka rataya zanar, ko ƙwaya babu a rumbu, an rance duka a kwanakin jayayya. Sai ga Arzika, wanda ya ranci tiya goma tun farko, kuma shi ne kan gaba wajen ƙin dokar. Ya juye biyar a cikin rumbu, ya ce, "Ni fa ban so ta ba. Amma ba za a ce garinmu ya yi doka ta wofi ba." Nomau ya zauna bayan zana, ya amsa tambaya biyu, aka auna masa. Washegari ruwa ya sauka.

Kaka ta yi kyau, Nomau ya mayar da abin da ya ranta. A al'adar garin, damin farko na godiya ba a kwance shi, mutum ɗaya ake kai wa. Ga Nomau nan tsaye a mararraba, dami a ka.

To, ku faɗa mini: ƙofar wa ya kamata ya sauke shi, ta Kande, ta Jatau, ko ta Arzika?