Kwandalar da Ta Kusa Zama Darmar Birgi

Na-Allah mai albasa ne a kasuwar Malanville, mutum mai fara'a da kyauta, amma yana da aibi guda: bakinsa bai taɓa furta "ban sani ba". Ko ciwon jaki ne ko dokar duwan, wato kwastan, yana da amsa tun kafin a gama tambaya.

Da kakar Mariama matarsa ta rasu a Garou, aka ba Mariama wani tsohon ƙunshi. A ciki ta sami ƙatuwar kwandala mai nauyi, ta yi baƙi ƙirin. Gefe guda hoton wata mace ce mai jiki, ɗaya gefen kuma tsuntsu mai kai biyu. Abin da ya rage mata na kakarta ke nan, don haka ta so ta san ko mene ne.

"Maigida, mu kai ma tsohi su gani mana," in ji ta.

Na-Allah ya juya kwandalar sau ɗaya tak. "Tsohin mi? Darma ta. Lambar da Nasara ka ba 'yan makarantar lakkwal ta, ba ta da wani amhwani."

Bai tsaya nan ba. Washegari, ba da saninta ba, ya ba abokinsa Manzo masunci ita, wai ya narka ya ƙara wa birginsa, wato ragarsa ta kamun kifi, nauyi. Da Mariama ta ji, ta yi kuka sosai, ta ƙi cin abinci.

Manzo ya hura wuta a bakin kogi. Yana shirin jefa kwandalar a kasko sai ta suɓuce ta faɗi kan dutse, ta yi wata ƙara mai zaƙi. Shekara talatin yana narka darma, bai taɓa jin ta yi kuka haka ba. Ya goge ta da toka da lemun tsami, sai ga ta fara tas. Maimakon ya yi shiru ya sa a aljihu, ya nufi rumfar Inna Kulu, tsohuwa mai sayar da busasshen kifi.

"Inna, ni dai ban san wagga aba ba. Ko kin san ta?"

Kulu ta kai ta kusa da ido, ta fashe da dariya. "Azurhwa ta, ɗana! Da irinta kakanninmu sunka yi ciniki tun ba a san kuɗin tamma ba. Uwata ma ta rataya guda ga wuya. Ka ga inda anka liƙa ma wagga kunnen ratayawa?"

Manzo ya kawo ta har rumfar albasa, Kulu na biye da shi, 'yan kasuwa suka taru. Mariama ta rungume kwandalar tana guɗa da hawaye. Aka yi ta sa wa Manzo albarka, ita kuma ta aika wa iyalinsa buhun shinkafa.

Wani ɗan zolaya ya ce, "To Na-Allah, matar ga ta jikin kuɗin, wace ta?"

Na-Allah ya buɗe baki, ya dubi matarsa, ya sosa ƙeya. "Ban sani ba," ya ce. Kasuwa ta ɗauki shewa, har shi ma ya yi dariya. Ranar Mariama ta yafe masa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, faɗin "ban sani ba" ba ya rage wa kowa daraja. Matambayi ba ya ɓata. Da Manzo ya yi girman kai irin na abokinsa, da gadon Mariama yana ƙarƙashin kogi yana kama kifi.