Binnen Nomau

An ce wai a wani gari na arewa, inda rairayi ya fi laka yawa, an yi wani alƙali mai suna Malam Ɗalhatu, wanda ba a san shi da yawan magana ba. Mai ƙara zai yi ta zuba har ya gaji, shi kuwa idonsa na kan buzunsa. Sai an ɗauka gyangyaɗi yake yi, sannan ya jefo magana guda.

A zamaninsa aka yi fari shekara biyu a jere. Akwai wasu 'yan'uwa biyu, Mantau da ƙanensa Nomau, waɗanda mahaifinsu ya bar wa gona ɗaya. Rumbunsu ya ƙare tun kafin bazara, iyali suka koma kan tafasa da busasshiyar rama. Abin da ya rage kawai tulu guda ne na irin gero, an cakuɗa shi da toka, an liƙe bakinsa da laka, yana ajiye a ɗakin Mantau.

Da lokacin shuka ya yi, sama kuwa fes babu ko gizagizai, sai Nomau ya ɓare liƙin, ya ɗebi rabi, ya saɓi sungumi ya tafi ya yi binne. Ya zuba irin a busasshiyar ƙasa, ya take, ya bar shi yana jiran ruwan da babu wanda ya ga alamarsa.

Tun daga ranar ƙafarsa ba ta sake zama ba. Da ya idar da asuba sai gona. Ya tsuguna ya tona rami ɗaya ya ga ko tururuwa ta kwashe, ya mayar, ya matsa gaba ya tona wani. In iska ta kaɗo daga gabas yana cin abinci, da lomar a hannu zai fito. Ko kabbara ya yi, rabin hankalinsa na sama, har yakan rasa raka'a nawa ya yi. Mutanen sahu suka fara tsokanarsa, wai in an ga Nomau ya yi sallama babu gyara, to a shigar da shanya. Matarsa Tabawa ta ce masa zaryar nan ba ta kawo hadari, sai dai ta cinye takalmi. Ya ce ya sani, ya kuma fita.

Mantau kuwa yini yake a inuwar masallaci da carbinsa, fuska a sake. Duk wanda ya kawo masa kukan fari, sai ya ce masa a yi haƙuri, Allah bai manta da kowa ba.

Da binne ya kwana ashirin ba ɗigo, Mantau ya kai ƙara. Ya ce ƙanensa ya zubar da abincin yara a turɓaya. Ya nemi a karɓe gonar daga hannunsa a sayar wa wani mai shanu da ke son ta, tunda ƙasa ta mutu, sauran irin kuma a bar shi a wurinsa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, dube shi ma yanzu, ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Wanda ya dogara ga Allah haka yake rawar jiki? Ni kwana ashirin ɗin nan ko sau ɗaya ban ɗaga kai na dubi sama ba."

Gaskiya ne, a lokacin ma Nomau leƙen ƙofa yake yi, don ya ga rana ta ɗan dusashe. Aka tambaye shi, ya ce bai musa ya yi binne ba. Haka mahaifinsu yake yi, shi ma ya yi. Amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya, kuma yana jin kunyar Ubangijinsa a kan haka. In an sayar da gonar, bai san abin da zai zama ba, don bai iya komai ba sai ita.

Alƙali ya ɗaga ido daga kan buzunsa. Sannan ya aika aka ɗauko tulun, aka dire a gabansa.

Ya ce, "Ku biyun kuna da'awar tawakkali, ni kuwa ba a ba ni ganin zuciya ba. Saboda haka a kai tulun nan tsakiyar gona, a buɗe bakinsa, a bar shi a hannun Allah har Juma'a. Kada kowa ya yi gadinsa. Bayan nan sai in yi hukunci."

Kafin a taɓa tulun, Mantau ya miƙe, carbi ya zame daga hannunsa. Ya shiga lissafo tururuwa da zabbi da awakin maƙwabta da ɓarayi. Ya ce ko yini ɗaya ba zai kai ba, wannan ai ganganci ne. Bai ankara ba sai ga shi ya rungume tulun da hannu biyu.

Alƙali ya juya ya tambayi Nomau ko yana da ja. Nomau ya ce, "Ni nawa rabin yana can tun kwana ashirin, Malam."



Alƙali ya ce, "Mantau, natsuwarka a kan tulu take zaune. An ce a ɗaga shi, ta tashi. Ƙanenka ya miƙa duk abin da ya mallaka, shi ya sa jikinsa ke rawa. Ba za a sayar da gona ba. Rabin nan naka ne, in ka so ka daka, in ka so ka shuka, amma wanda ya shuka shi zai girbe. Yaranku kuma za su ci daga rumbun zakka har Allah ya kawo sauƙi."

Sannan ya dubi Nomau. "Kai kuma, ka ba da ajiya kana komawa kullum kana kwance ɗaurin. Daga yau kada ka sake tona rami ko ɗaya. In ka tsaya salla, ka bar wa Mai sama samansa."

Washegari Nomau ya je gona kamar kullum. Ya tsuguna, yatsunsa suka taɓa ƙasa, ya janye su ya cusa a aljihu. A ɗaya gefen ya hangi yayansa da sungumi, yana sara yana ɗaga kai yana duban gabas. Nomau ya ce, "Yaya, duban nan ba ya kawo hadari." Mantau ya ci gaba da sara.

Sai da aka ƙara kwana tara, masu tsawo ƙwarai, sannan ruwa ya sauka. Gero ya tsiro layi-layi, kore shar. Amma nan da can akwai giɓi, ƙasa tsirara. Nomau ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya gane su duka. Ramukan da ya riƙa tonawa ne.

Masu hankali suka ce: ba a gane mai tawakkali da kwanciyar fuskarsa, sai da abin da ya yarda ya saki daga hannunsa. Kuma abin da ka danƙa wa Allah, kada ka koma kana tonawa.