Ranar da Malam Chindo ya sake magana

Akwai wani mutumin Ƙonni mai suna Alkasum, wanda ya yi arziki da jigilar siminti daga Malbaza. Wata shekara ya sayar da manyan motocinsa, ya kafa gidan talabijin nasa na kansa, ya sa masa suna Tele Hantsi.

'Ya'yana, da kun ga ƙarfen eriyar nan! Tun daga hanyar Illela ake hango shi. Mutum ya tsayar da jaki, ya ɗaga kai har hula ta faɗi.

Alkasum bai damu da finafinai ba. Ƙauyuka yake aika mai kyamara, a ɗauko kokawa, a ɗauko tsofaffi suna ba da tarihin garinsu. Sai ka ga kawunka cikin akwati yana tari, ka riƙe baki.

Amma in faɗa muku gaskiya, bai iya wannan kasuwanci ba. Duk wanda ya kawo sanarwa ɗan'uwa ne, kunya ta hana shi karɓar ko dala. Da shekarar yunwa ta zo, 'yan kasuwa suka daina talla. Aka yanke masa wuta, inji ya yi ta shan mai har sai da gonarsa ta tafi. Ma'aikata suka watse. Eriyar nan da ake ɗaga wa kai, aka sauke ta aka sayar wa maƙera.

Abin da ya rage masa, buhunan kaset a zaure.

Sai ga Yahuza mai shagon bidiyo. "Alhaji, sai da mini su in goge in sa fim. Tsohhin ga wa zai kalle su?"

Matarsa Zainabu ta leƙo. "Maigida, rumbu ba hatsi. Kaset za mu dama?"

Alkasum ya ce a dawo gobe. Ya ɗauki guda, ya je gidan maƙwabci ya gwada ko yana aiki. Sai ga shi a cikin hoton, Malam Chindo na Bazaga, wanda aka binne bara, zaune yana labarin yadda suka gina rijiyar garin. Alkasum bai motsa ba har kaset ya ƙare.

Da safe ya ce wa Yahuza, "Mutumin ga ya rasu. In ka goge shi, ko muryarshi ba ta saura."

"To ka ci shi da miya," in ji Yahuza.

Zainabu ta kife tukunya.

Alkasum ya ari amalanke, da akwatin talabijin, da batirin mota, ya nufi Bazaga. Da hantsi aka taru ƙarƙashin itacen bedi, aka kira matar mamacin, Inna Uwani.

Hoto ya fito. Malam Chindo ya yi gyaran murya.

Wallahi har masu daka suka ajiye taɓare. Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe kai, kamar yadda take yi in ya shigo gida. Ta matsa, ta shafa gilashin da yatsa.

"Malam," ta ce, "har yanzu hular ga a karkace take."

Aka yi dariya, aka yi kuka, ana ta Allahu Akbar.

Da Alkasum zai tafi, tsohuwar ta fito da ƙwaryar hatsi, a wannan shekara da kowa ke ɓoye nasa. Alkasum ya ƙi karɓa.

"Amshi, ɗan nan. Wanda ya kawo mini miji gida ba ya komawa hannu wohi."

Maƙwabta suka ƙara nasu. Kafin sati, daga ƙauyukan Malbaza da Illela ake aiko masa: ko babanmu na cikin buhu? Ko innarmu na ciki? Duk inda ya kai kaset, da hatsi yake dawowa.

Tele Hantsi ba ta sake tashi ba, kar in yi muku ƙarya. Amma daga ranar, kullum sai hayaƙi ya tashi a madafar Zainabu.

Darasi: Ko dukiya ta ƙare, kada yunwar kwana ɗaya ta sa ka sayar da amanar mutane da ke hannunka. Ka riƙe ta, Allah na ciyarwa ta inda ba ka zata ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu tsoho a gida.