Tanko Mai Gurmi Da Waƙar Rakiyar Gawa

A Unguwar Sanusi, cikin garin Kaduna, an yi wani makaɗi da ake kira Tanko Mai Gurmi. Ba shi da ubangida, ba ya bin 'yan siyasa da kirari, shi ke cin gashin kansa. In ya ɗora yatsu a kan tsirkiya, ko mai sauri sai ya rage tafiya, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Aibinsa guda ne, amma ya isa ya rusa mutum: duk waƙar da ta shiga kunnensa, a ganinsa ta zama tasa. In ka ce masa "wannan ba a taɓawa," sai ka ga har hannunsa yana ƙaiƙayi.

Shekaru ya yi yana kiɗa shi kaɗai a bukukuwan Makera da Tudun Wada, ba yabo ba fallasa. Ƙofa ba ta buɗe masa ba sai da ya haɗa kai da wasu mutum biyu daga unguwar Television. Ɗaya Sylvanus ne, mai busa sarewa. Ɗayar kuwa Rebecca ce, wadda kowa ke kira Maman Vicky, mawaƙiya mai murya kamar ana zuba ruwa a randa. Tanko ya yi baiti da Hausa, ita ta amsa da yaren ƙauyensu na kudancin Kaduna, sarewa ta ratsa tsakani. Nan da nan suka yi suna. Bikin Musulmi a kira su, bikin Kirista a kira su, har gidan rediyo sun shiga.

Sai dai Rebecca tana da wani matsayi da ya fi mata duk wannan daraja. A cikin matan ƙauyensu mazauna Kaduna, ita ta gaji mahaifiyarta wajen jan waƙar rakiya. Waƙa ce da mata ke yi a lokaci guda tak, sa'ad da za a fitar da gawar tsohuwa daga gidanta. Ba a yin ta a gona, ba a yin ta a coci, ba a koya wa yara ita don wasa.

Wata rana da hantsi Tanko ya je gidanta don su gwada sabuwar waƙa. Ya tarar da ita a tsakar gida tana tsintar wake. Ranar ta yi daidai da zagayowar rasuwar mahaifiyarta, zuciya ta ɗebe ta, tana rera waƙar nan a hankali ba ta ma san tana yi ba. Tanko ya tsaya a bakin ƙofa, tsigar jikinsa ta tashi. Mutumin kirki da sai ya yi gyaran murya. Shi kuwa sai ya zaro waya a ɓoye ya danna ɗauka, sai da ta kai aya sannan ya yi sallama.

"Maman Vicky, wannan wace waƙa ce kika ɓoye mana?"

Ta zabura. "Kai, Malam Tanko! Ka ji ni? Abeg, ka manta da shi. Na rakiyar gawa ne. Ni ma kuskure na yi da na buɗe baki."

"Amma fa da za ta hau gurmi..."

"Ba zai hau ba. Ka yi mini alkawari."

Ya dafa ƙirji ya ce, "Na yi. Haba, sai ka ce ba a san juna ba." Ya faɗa ido cikin ido, wayar tana aljihunsa.

Mako bai zagayo ba sai ga shi a situdiyon wani saurayi Harrison. Suka ƙara wa waƙar sauri, suka zuba ganga, Tanko ya ɗora baitocin rakiyar amarya, muryar Rebecca kuma aka mai da ita amshi. Harrison ya cire abin kunne ya ce, "Oga Tanko, madam ɗin ta yarda kuwa?"

"Kai dai haɗa aikinka. Mu da ita ba ma haka."

Waƙa ta fita da sunan Tanko shi kaɗai, ta kuwa kama gari. Masu Keke Napep suna sa ta, masu tura waƙoƙi a waya suna tura ta, 'yan mata a Tudun Wada suna rawa da ita ba su san me suke takawa ba. A bakin wani shagon caji Rebecca ta fara jin muryarta. Ba ta koma gida ba, kai tsaye ta wuce Unguwar Sanusi, ta same shi a ƙofar gida yana gyaran tsirkiya.

"Malam Tanko, me na yi maka? Ka sace muryana, ka sa mutane suna rawa da kukan mamana!"

Abin haushi, ko kunya bai ji ba. Dariya ma ya yi. "Maman Vicky, waƙa ai iska ce, ba ta da mai ita. Da tana kwance a ƙauye wa ya san ta? Ni na fito da ita duniya. Kamata ya yi ki gode mini."

Ta dube shi har sai da ya kau da kai. Ta ce, "Akwai bikin 'yar Baba Albert a Kakau ran Asabar. Mutanenmu ne, tun kafin wannan abu muka karɓi aikin, ba zan ba su kunya ba. Tsofaffinmu ba su ji ba tukuna. Zan je, amma ka rantse ba za ka taɓa waƙar nan a wurin ba."

Ya rantse, har da ɗaga yatsa sama. Rantsuwa ba ta yi wa Tanko wuya.

Ran Asabar aka yi biki a filin gidan Baba Albert, ga rumfuna, ga gonakin masara kewaye. Su uku suka yi wasa mai kyau, Tanko ya ga alamar komai ya wuce. Da la'asar aka kawo motar da za ta ɗauki amarya, sai abokan ango da suka zo daga cikin gari suka fara ihu, "Sabuwar! Tanko, sabuwar muke so!" Sylvanus ya kama masa hannun riga ya ce, "Malam, kar ka yi." Tanko ya dubi taron samari suna kiran sunansa, kansa ya kumbura. A ransa ya ce, tsofaffi nawa ne a nan, in ma sun yi gunaguni ai kiɗa zai danne. Ya fizge hannunsa, ya miƙa wa mai kula da lasifika wayarsa, ya saki gurmi.

Muryar Rebecca ta cika filin daidai lokacin da amarya ta fito daga ɗakin uwarta.

Samari suka taka rawa, amma ba su daɗe ba. Tsofaffin mata suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Uwar amarya ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka, irin kukan da ba a yi a gidan biki. Amarya, wadda ta ji waƙar nan ranar da aka fitar da kakarta daga wannan gida, ta tsaya cak, ta juya da gudu ta koma ɗaki ta ce ba za ta shiga motar ba. Baba Albert da kansa ya je ya fizge wayar lasifika. Gurmin Tanko ya ci gaba shi kaɗai na ɗan lokaci, sannan shi ma ya mutu.

Wata dattijuwa, Mama Lizzy, shugabar matan kuma yayar mahaifiyar Rebecca, ta tako da sandarta. Ko kallon Tanko ba ta yi ba. Gaban Rebecca ta tsaya.

"Muryar wa na ji?"

"Nawa ne, Mama. Amma ban..."

"Uwarki ta ba ki abu ki riƙe mana, kin kai kasuwa. Yau kin raka yarinya mai rai da waƙar gawa. Daga yau bakinki ya fita daga cikinta."

A nan ne ya kamata Tanko ya buɗe baki ya ce shi ya sata, ba da saninta ba. Magana ɗaya ce, ba ta fi ƙarfinsa ba. Amma ya dubi fuskokin mazan gidan, ya rungume gurminsa, ya sulale ta bayan rumfa ya tari mota a bakin titin Abuja. Ya bar mace ita kaɗai a tsakiyar fili tana ɗaukar laifinsa. Sai washegari aka samu aka lallashi amarya ta tare, bayan fasto ya zo ya yi addu'a.

Sylvanus bai rufa masa asiri ba, kuma bai kamata ya rufa ba. Labari ya zaga makaɗan kudancin gari kaf. Ba wanda ya zagi Tanko, abin da suka yi ya fi zagi ciwo. In ya shiga inda makaɗa ke gwaji, sai mai kalangu ya ajiye, mai kukuma ya sa nasa a jaka, a koma hirar ƙwallo har sai ya tashi. Harrison ya ce situdiyonsa ya cika. Bikin Television da Kakau ya daina zuwa masa, na Makera ma ya ja baya, domin mutane sun saba jin su uku, gurmi shi kaɗai ya yi musu salam.

Da abin ya ishe shi, sai ya shirya ya tafi ba da haƙuri. Ya isa layin su Rebecca ya tarar da taro, ashe Mama Lizzy ce ta rasu, ana shirin fitar da ita. Daga cikin gida mata suka ɗauki waƙar rakiya, wata daban ce ke ja. Rebecca tana waje, jingine da katanga, ta toshe bakinta da gefen zani, hawaye na zuba. An ji gaskiyar abin da ya faru, amma wadda ta yanke hukuncin ta tafi ba ta janye ba, sauran matan kuma ba mai ikon janyewa.

Tanko ya matsa ya durƙusa. "Maman Vicky, na yi kuskure. Ki yafe mini. Na goge ta daga wayata."

Ta sauke zanin, ta dube shi. "Ka goge a naka. Na sauran mutanen gari fa? Malam Tanko, matar da ta goya ni za a fitar, kuma ba ni da bakin raka ta. Matsa mini, suna fitowa."

Ya matsa. Aka wuce da gawar ta gabansa, Rebecca ta bi bayan mata, bakinta a rufe.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Wanda ya buɗe maka ƙofa kuka yi aiki tare, amana ya ba ka, bai ba ka duk abin da ke cikin ɗakinsa ba. In abokin aikinka ya ce wannan abu yana da nauyi a wurin mutanensa, ka girmama shi ko da kai ba ka ga nauyin ba. Gwaninta ba ta halatta sata, tafin jama'a kuma ba ya wanke cin amana. Mafi muni, sau da yawa wanda ya yarda da kai shi ke ɗaukar hukuncin laifinka, kuma akwai ɓarnar da "yi haƙuri" ba ta gyarawa. Ka nemi izini kafin ka ɗauka, in an hana ka, ka hanu.