Jatau Mai Fuka da Harsunan da Aka Kafa a Juye

Dalilin da ya sa hamonika, 'yar sarewar ƙarfen nan da kuke cika wa mutane kunne da ita, take kuka in an hura, take kuma kuka in an zuƙa, shi za ku ji yanzu. Ku ajiye ta tukuna.

A da, duk abin busa sai an hura yake magana. Ka tsaya jan numfashi, ya yi shiru. To akwai wani Jatau mai yi wa manoma busa a wajen gayya. Al'adar garinsu kuwa, daga farkon kunya har ƙarshenta busa ba ta yankewa. In ta yanke, fartanya ta tsaya. Ga shi Jatau fuka gare shi. Ya ɗan hura, ƙirji ya kama, ya tsaya haki, manoma su miƙe suna harararsa.

Rannan Sarkin Noma ya ce masa a gaban jama'a ya rataye sarewa, ya koma ɗebo wa manoma ruwa. Jatau ya ce shi kam ba zai ɗauki tulu ba.

"Ranka ya daɗe, a bar ni zuwa gayya mai zuwa. In busa ta yanke, da hannuna zan karya sarewar."

Sai ya tafi wurin taubashinsa Nomau maƙeri, ya ce yana son abin busa marar cin iska. Nomau ya tsokane shi, wai mai ƙirji kamar tsohon zugazugi me zai busa. Amma ya zauna ya fafe katako, ya jera ramuka goma, kowane rami ya sa masa siraran harsunan tagulla biyu, ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Hannunsa kuwa ya saba da awartaki da almakashi, inda kowane ƙarfe ke fuskantar ɗan'uwansa, sai ya kafa na ƙasan a juye.

Jatau ya hura. Na sama suka amsa, na ƙasa ko motsi. Nomau ya ce a kawo ya ɓalle su. Ana cikin haka fuka ta taso wa Jatau, abin yana bakinsa, ya zuƙi iska da ƙarfi. Sai na ƙasan suka amsa da wata murya daban.

"Taɓa su ka gani," in ji Jatau, ya cusa abinsa a aljihu.

Ranar gayya ya shiga gaban manoma. Ya hura, murya. Ya zuƙa, wata muryar. Hakin da ke tsayar da shi ya koma kiɗa. Da ya nemi wani amo bai samu a ramukan ba, ya ja harshensa baya, ya zuƙa har muryar ta lanƙwasa kamar kuka. Sarkin Noma ya bi shi yana faɗa, wai wannan zuƙa ce, ba busa ba. Jatau ko kallonsa bai yi ba. Sai da fartanyar ƙarshe ta fita daga kunya ya cire abin daga baki, ya ce wa Sarkin Noma:

"Cewa aka yi kada busa ta yanke. Ta yanke?"

Sarkin Noma ya dubi manoma, babu wanda ya tsaya masa. Tulun sai wani aka samo ya ɗauka.

Shi ya sa har yau rabin harsunan hamonika a juye suke, ba a kuma yarda kowa ya gyara ba. Mai busa ta ba ya cire ta don ya huta. Ku ɗauki abinku, ku je can bayan gida ku gwada.