Tambayar Tumba a Ƙofar Fada

An ce wani sarki ya daɗe bisa gadon mulki har furfura ta game masa kai, kuma cikin duk shari'o'in da suka zo gabansa, akwai guda ɗaya da ta tsufa tare da shi.

Asalin maganar kuwa, wasu mahaƙa rijiya ne su biyu, Jatau da Tanimu, suka tafi aiki wani ƙauye a hayin kogi. Bayan wata biyu Tanimu ya komo shi kaɗai, yana ɗauke da dagi da igiyar Jatau. Ya ce a bakin kogi suka rabu, Jatau ya ba shi kayan ya kai masa gida, shi zai biya ya gai da kawunsa. Aka aika wurin kawun, ya ce rabonsa da Jatau tun bara. Mutane suka tuna cewa kafin tafiyar an ji su biyun suna cacar baki a kasuwa. Aka leƙa rijiyoyin ƙauyen, ba a ga gawa ba. Sarki ya sa aka tsare Tanimu a kurkuku har gaskiya ta bayyana.

Shekara goma sha shida ke nan. Matar Jatau ta yi jira har alƙali ya raba auren, ta koma garinsu. Amma mahaifiyarsa, wata tsohuwa mai suna Tumba, kowace Juma'a sai ta zo ƙofar fada ta zauna a gindin bango. In sarki ya fito, sai ta ce, "Ya sarki, ina ɗana?" Ba ta ƙara ko kalma, ba ta kuka. Da fari sarki yakan tsaya ya ba ta haƙuri. Daga baya ya koma ɗaga mata hannu. A ƙarshe sai ya zama tun ranar Alhamis ƙirjinsa ke nauyi.

Wata rana ya kira wazirinsa, ya ce, "Waziri, na gaji. Na yi yaƙi da sarakuna ban gaji haka ba. Ka samo mini ƙarshen maganar nan."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tsohuwar ta sha faɗa cewa in an nuna mata kabarin ɗanta, ta yafe jininsa. A ce wa Tanimu ya amsa laifi, ya nuna kowane wuri a daji. Mu tara ƙasa, mu kafa dutse. Ita ta sami inda za ta yi addu'a, shi ya sami sakinsa, kai kuma ka huta."

Sarki ya san shawarar ba ta da tsarki, amma gajiya ta sa ya ga kyanta. Da hantsi ya tashi da kansa ya nufi kurkuku. Yari, mai tsaron gidan, ya gaya masa a hanya cewa Tanimu ya zama abin mamaki: shi ke sasanta 'yan sarƙa in sun yi faɗa, kuma har masu gadi kan kawo masa matsalolinsu na gida.

Aka fito da shi. Sarki ya tuna da ƙato mai faɗin kafaɗa, sai ga wani dattijo siriri yana kare idonsa daga rana.

Sarki ya ce, "Shekararka nawa a nan?"

Tanimu ya ce, "Kwana ɗaya ne, ya sarki, sai dai ya ƙi wucewa."

Sarki ya ce, "Ina Jatau?"

Ya ce, "Yana wuri uku. A bakin mutanen gari yana ƙarƙashin ƙasa. A zuciyar uwarsa yana kan hanya. A wurin Allah kuma yana inda yake. Biyun farko na san su, na ukun ban sani ba."

Sarki ya zauna bisa wani kututture, ya kori kowa sai waziri, ya bayyana wa Tanimu shawarar duka. Ya ce, "Kalma ɗaya za ka faɗa, yau ka kwana a gidanka."

Tanimu ya daɗe yana kallon ƙofar kurkukun da ke buɗe. Sannan ya ce, "Ya sarki, wallahi ina son in fita. Babu ranar da ban so ba. Amma ka ba ni izini in gaya maka wani abu na sana'ata. Ina saurayi mun taɓa haƙa rijiya a wani gari, muka yi gaba talatin ba mu taɓa ruwa ba. Mai garin ya gaji da gunagunin mutane, sai ya sa aka ɗebo ruwa daga nesa aka zuba a ciki, ya tara jama'a ya nuna musu. Suka yi murna, suka daina neman wani wurin. Da rani ya yi tsanani suka jefa guga, ya fito da ƙura. Dabbobinsu rabi suka mutu a shekarar."

Sarki ya ce, "Tumba ba za ta taɓa tona kabarin ba."

Tanimu ya ce, "Haka ne. Za ta durƙusa tana kiran sunan ɗanta a kan tururuwa. In Jatau yana raye, ni na kashe shi da bakina. In kuwa wani ne ya kashe shi, na wanke masa hannu, na ba shi barci mai daɗi. Ban kashe abokina da dagi ba, ya sarki, ba zan kashe shi da harshe ba."

Fuskar sarki ta ɗan saki. Ya dubi waziri, ya ce, "Ka ji? Da mai laifi ne, da ya karɓa da hannu biyu. Wannan mutum ba shi da laifi."

Sai Tanimu ya ce, "Ya sarki, kada ka yi gaggawar wanke ni kamar yadda ka yi gaggawar ɗaure ni. Mai laifi ma yana iya ƙi, don tsoro ko don wayo. Ƙin da na yi ba shaida ba ce, kamar yadda igiyar da na ɗauko ba shaida ba ce. Jiya ba ka sani ba, yau ma ba ka sani ba."

Sarki ya ce, "To me kake so in yi? Na bincika ban samu ba."

Tanimu ya ce, "In ka yarda, ni ma in yi tambaya. Na ce a bakin kogi muka rabu. A mashigin nan akwai mai fito, wanda babu mai haurewa sai a jirginsa. Wa ka aika ya tambaye shi?"

Sarki ya dubi waziri. Waziri ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ba a aika kowa ba, ya sarki. An riga an kama mutum." Ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Mai fiton kuwa ya rasu, shekara biyar ke nan."

Tanimu ya ce, "Ranar da aka rufe ni, ranar aka daina neman Jatau. Kowa ya ce ai ga wanda ya sani yana hannu, wata rana zai faɗa. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ya sarki, fiye da sarƙar. Abokina ne. Tun muna yara muke shiga rami ɗaya, shi a ƙasa ni a sama riƙe da igiya."

Sarki ya miƙe tsaye. Ya sa aka kwance Tanimu nan take. Ya ce masa, "Me zan biya ka da shi?" Tanimu ya ce, "Ba ka da shi a taskarka. Ka dai aika a nemi Jatau."

Ran Juma'a sarki ya fito, ya tafi gindin bango, ya zauna a ƙasa gaban Tumba, jama'a na kallo. Kafin ta buɗe baki ya ce, "Iya, ban san inda ɗanki yake ba. Ban neme shi yadda ya kamata ba. Na kuma saki Tanimu, don ba ni da hujja a kansa."

Tsohuwa ta dube shi da idanun da suka yi hazo. Ta ce, "Ka sake shi? To ni yanzu wa zan tsana? Da shi nake tashi, da shi nake kwana. Ka karɓe mini ɗa, ka karɓe mini maƙiyi."

Sarki ya ce, "Ni ne na bar sawun ɗanki ya goge, Iya. In dole sai kin riƙe wani, ga ni."

Ta ce, "Na tsufa, ba zan iya ɗaukar sabuwar ƙiyayya ba. Ka dai nemo shi." Ta dogara sandarta ta tafi.

Sarki ya aika mahaya gabas da yamma, suka bi kogin har inda ya ƙare, suka tambayi masunta da fatake da makiyaya. Wani ya ce kamar ya taɓa jin labarin gawa a cikin ciyawa, wani ya ce akwai baƙon mahaƙi a wata ƙasa mai nisa. Aka bi duka biyun, ba a sami komai ba. Tumba ta rasu da damina ta biyu. Tanimu ya koma unguwarsu, wasu suna gaishe shi, wasu suna kauce masa har ya mutu. Har yau babu wanda ya san abin da ya sami Jatau.

Sarkin ya ƙara shekara tara yana mulki, kuma bai sake tsare mutum bisa zato ya wuce kwana bakwai ba. Duk sabon alƙalin da ya naɗa, yakan kira shi gefe ya ce masa, "Ka kiyayi ranar da za ka gaji, domin gajiyar mai hukunci ba shaida ba ce."