Saiwar Baban Yuguda da Farin Garin Silika

Akwai wani ɗalibi mai suna Yuguda, yana ajin ƙarshe a sashen kimiyyar sinadarai a nan Gombe, a shekarun da ko tayar keke ta fashe sai kasuwa ta watse.

Yaro ne mai ƙoƙari, amma Allah Ya zuba masa gaggawa. Ko shayi ba ya bari ya huce.

Asalinsu mutanen wani ƙauye ne a Yobe. Mahaifinsa mai magani ne, kuma ya rasu a harin da ya tashi ƙauyen. Mahaifiyarsa Barira ta gudo Tumfure, wata unguwa a gefen Gombe, da ɗan ƙullin wata saiwa da marigayin ke ba masu ciwon gaɓɓai. Babu wanda ya san inda yake tono ta, dajin ma ba ya shiguwa.

Yuguda ya roƙe ta saiwar, ya ce zai gano sinadarin da ke cikinta, ya sa sunan babansa a aikin kammala karatunsa. Ta ba shi. Ya daka, ya jiƙa, ya tace, duka ta koma ɗan ruwa ja a gindin kwalba.

Saura rarrabe sinadaran da ke cikin ruwan. Yadda ake yi, ana cika dogon bututun gilashi da wani gari, a zuba abin a sama, a riƙa bin sa da ruwan sinadari, kowane ɓangare ya sauko a lokacinsa. Amma sai garin da ruwan sun dace da abin da aka zuba.

Malamarsa, Dakta Jennifer, ta sa ya gwada ɗigo ɗaya a kan silika, farin garin da suke da shi. Ɗigon ya yi baƙi, ya ƙi motsi. Ta ce silika na da tsami, yana cinye irin wannan sinadarin, sai dai a jira wani garin mai suna alumina daga Kano.

Alumina kuwa ya ƙi zuwa. Direbobi sun ce ba za su ɗauko farin gari a kwalba su ratsa shingen sojoji ba, kuma ni ban ga laifinsu ba.

Yuguda ya kasa zaune ya kasa tsaye. Kullum yana ƙofar ofishinta. Ga jita-jita cewa za a rufe makaranta, yau a ce gobe, gobe a ce jibi.

"Dakta, in na bi shi da metanol mai ƙarfi, ai zai wanko shi kafin silika ya taɓa shi."

"Yuguda, ruwa mai ƙarfi ba ya gyara garin da bai dace ba. Ruwan saiwar nan ba zai lalace a firji ba. Ka jira."

Ya ce to. Tana fita taro, ya cika bututu da silika, ya juye kwalbar gaba ɗaya, ko ɗigo bai rage ba.

Yana tsaye jan ruwan nan ya rine ya zama baƙi. Ya zuba metanol, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Abin da ya sauko wani gurɓataccen ruwa ne marar amfani. Da Dakta ta dawo ko faɗa ba ta yi ba, tausayinsa ma ta ji.

Ba a rufe makarantar ba. Alumina ya iso a makon da ya biyo.

Da ya koma Tumfure, ya daɗe yana kame-kame kafin ya tambayi mahaifiyarsa ko akwai ragowar saiwar.

Ta dube shi, tana matsa gwiwarta da ta kumbura.

"Duka na ba ka. Ko na ƙafata ban ɗiba ba, na ce kai ka fi ni sanin abin da za a yi da ita."

Darasi: Kafin ka haɗa abu da abu, ka tabbata sun dace, kuma in gwaji ya ce a'a, ƙarfi ba zai mai da shi e ba. Abin da ba ka da na biyunsa, kada ka juye shi duka don tsoron gobe. Tura wa ɗan'uwanka mai gaggawa, wataƙila kwalbarsa na hannunsa yanzu.